Hoton Farko a Fim Ɗina na Uku

Jama'a, abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi har yau in na tuna haushi ne ke fara zuwa mini kafin tsoro ya biyo baya. A lokacin ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Umbadda, wata unguwa a gefen Omdurman, zamanin da ake sa fim a kyamara a kai wanki, waya mai hoto ba ta shigo ba. Aikina hoton fasfo ne da na ango da amarya da na yara ranar Idi. Tsuntsu kuwa ban san shi ba sai a cikin tukunya.

Wanda ya jefa ni cikin wannan lamari Ustaz Bashir ne, maƙwabcina, malamin makarantar sakandare, shi ma ɗan Hausawan Jazira kamar ni, yankin noman auduga da ke kudu da Khartoum. Ya zo shago wata safiya da takarda a hannu, ya ce wasu malaman jami'a sun shirya gasar hoton tsuntsayen daji, za su baje hotunan a nuna wa hukuma da jama'a abin da za a rasa in aka sare dajin Sunut aka yi gine-gine. Wanda bai san wurin ba, dajin bagaruwa ne a bakin Farin Nilu ta ɓangaren Khartoum, kana haye gada daga Omdurman za ka hange shi. Na ce Ustaz, ni ina ni ina tsuntsaye? Ya ce duk waɗanda suka shiga 'yan boko ne masu dogayen kyamarori, babu ɗan unguwa ko ɗaya, shi kuma ya riga ya tsaya a gabansu ya ce yana da mutum a Umbadda da zai ba su mamaki. Har sunana ya rubuta bai tambaye ni ba. Ga mutuncinsa a ciki, ga kuma sabuwar kyamara da aka sa wa na ɗaya, tawa kuwa ta tsufa har sai na buga mata tafin hannu take juya fim. Sai na amsa.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya shiga dajin. Ranar farko na rufe shago da hantsi na hau mota na sauka bayan gada, na tarar da sauran masu gasar sun jeru a kan tudun bakin hanya suna hango tsuntsaye da dogayen kyamarorinsu. Tawa daga nan ko raƙumi ba za ta kawo kusa ba. Na bar su na bi gefen dajin ina neman inda zan matsa, can sai na ga wata 'yar hanya busasshiya ta shige tsakanin itatuwa, na bi ta, na yi tafiya kamar ta minti goma, sai ga ni a wani fili, ƙasa a bushe ƙarƙashin ƙafata, ruwa ta gefe da gefe, tsuntsaye kuwa ba a magana. Zalɓe, balbela, jinjimi, kwasakwasa mai jakar baki, da wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ban san sunansu ba. Na ce yau Allah ya yi wa ɗan Umbadda gyaɗar dogo.

Na durƙusa na saita wani zalɓe, yatsana na kan maɓalli, sai na ji tari a bayana, irin tarin da ake yi da gangan. Fir, duk suka tashi. Na waiwaya, wani tsoho ne zaune a kan kututture, siriri, da farar jallabiya da ta sha wanki da sanda a hannu. Na yi masa magana da Larabci, na ce ya Haj, don Allah a hankali. Ya dube ni ya amsa da Hausa, irin Hausar kakata wadda babu ɗigon Larabci a ciki.

"Mai hoto, ka shigo ba sallama."

Na yi mamaki, na kuma ji kunya, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce Baba ban gan ka ba ne. Ya ce ba shi yake nufi ba. Ya nuna sama da sandarsa, wai tsuntsayen baƙi ne, daga nesa suka zo, ko hutawa ba su yi ba. Na yi dariyar dole na ce to Baba, na koma aikina. Wallahi duk lokacin da suka sauka na saita, sai ya yi tari, ko ya ƙwanƙwasa sanda a jikin itace, ko ya jefo mini tambaya. Ɗan wane ne ni? Daga wane ƙauye iyayena suka taso? Auduga har yanzu ana nomanta a can? Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar share dattijo ba, ina amsawa ina cizon haƙora. Na ƙarar da fim guda, da aka wanke babu komai sai jela da fukafukai da sararin sama.

Kashegari na sammako don in riga shi. Na tarar da shi zaune, kamar ma a nan aka dasa shi. Ranar ya bar tari, ya koma sabon salo: sai ya taso a hankali ya zo ya tsaya daidai gaban kyamara yana gyara hula. In na matsa dama ya matsa, in na koma hagu ya biyo. Na yi masa bayani da lallashi, na ce Baba wannan aikin don tsuntsayen nan ake yi, so ake a hana sare dajin. Ya ce ya ji, madalla, amma su an tambaye su? Na ba shi dabinon da na zo da shi ko zai zauna ya ci, ya karɓa ya gode ya ajiye a kan kututture bai taɓa ba. Fim na biyu ma ya tafi a banza. Da na koma gida matata ta tambaye ni yaya tsuntsaye, na ce kada ta ƙara ambata mini tsuntsu a gidan nan. Ustaz Bashir ya leƙo bayan la'asar yana murmushi yana tambaya ko an samu na bugawa a bango, na ce masa ana kai.

Rana ta uku ita ce ta ƙarshe, washegari ake rufe karɓa, fim ɗaya ya rage mini. Ina isa ya yi gyaran murya, ni kuma abin da na haɗiye kwana biyu ya taso. Allah ya yafe mini, na ɗaga masa murya. Na ce Baba, kai ba ka da gida ne? Ba ka da jikoki da za ka je ka dama? Na rufe shagona kwana uku, mutane na zuwa hoton fasfo suna komawa, mutumin kirki ya sa sunansa saboda ni, kai kuma ka zauna kana wasa da ni kamar yaro. Me na yi maka?

Bai ji haushi ba. Ya gyara zama a kan kututturen ya ɗora hannu biyu a kan sanda.

"To ɗauke ni tukuna. In ka ɗauke ni, sai su zauna maka."

Don in rabu da shi na ɗaga kyamara, na saita shi sosai, fuskarsa ta cika gilashin, har ina ganin furfurar girarsa, na danna. Ya ce madalla. Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Jama'a, sai ga su suna sauka. Ba tsoro, ba gudu, wasu a rassan bagaruwa, wasu a bakin ruwa, wani kwasakwasa har kusa da ƙafata, suka yi tsit kamar 'yan makaranta ranar hoton aji. Ban tsaya tunani ba, na yi ta dannawa har fim ya ƙare. Da na sauke kyamara na hango bayan tsohon yana shigewa cikin itatuwa, ya ɗaga mini hannu bai waiwayo ba. Na ce a raina Allah ya raka taki gona, na kama hanya.

Na wuce kai tsaye wurin wankin hoto a kasuwar Omdurman, na ce wa mai injin kada ya fitar da na farko, wani tsoho ne mai takura, ba zan ɓata takarda a kansa ba. Sauran da suka fito, shi kansa mai injin sai da ya kira abokin aikinsa ya gani. Na zaɓi uku na sa aka faɗaɗa, na haɗa da nagatif ɗin, wato wankakken fim ɗin, duka kamar yadda dokar gasar ta ce, washegari da safe na kai wa Ustaz Bashir. Ya rungume ni a tsakiyar titi.

Bayan kwana huɗu aka aiko muna da kira, ni da shi. Na sa jallabiyata ta Juma'a da rawani, ina tsammanin albishir. Muka shiga ofis muka sami shugabar alƙalan, wata Daktora mai nazarin tsuntsaye, da farin tobe, lulluɓin matan can, da tabarau, hotunana shimfiɗe a gabanta. Ba ta ce mu sha shayi ba. Ta ce ta shekara da shekaru tana bin tsuntsaye, ba ta taɓa ganin tsuntsu iri shida sun taru wuri guda kowannensu ya zuba wa kyamara ido ba. Sai a lokacin na lura. Duk wanda ke cikin hoton, na kusa da na nesa, har wani ɗan mitsitsi a can ƙarshen reshe, ni yake kallo. Ta ce ko dai matattu ne aka cusa wa auduga aka jera, ko an yanko an manna. Na rantse mata, na ce ga nagatif nan ta duba.

Ta ce ta duba, shi ne ma dalilin kiran. Ta ɗaga shi saitin taga ta nuna na farko da bakin biro, ta tambaye ni wa ya ɗauki wannan. Na ce ni, wani tsoho ne. Ta jawo aljihun tebur ta fito da hoto, ashe ta sa an fitar da shi, ta turo mini.

Ni ne a ciki. Ni, da rigar da na sa ranar, kyamarata a manne da fuskata ina saitawa, ruwa ya kawo mini har ƙirji. Babu tsoho, babu kututture, babu ƙasa busasshiya ko taku ɗaya.

Ta ce tunda ga ni a cikin fim ɗin, wani ne ke riƙe da kyamarar da ta ɗauki sauran, doka kuwa ta ce mai gasa ya ɗauka da hannunsa. An cire ni. Na ce Daktora, kyamara ɗaya gare ni a duniya, ga ta nan a hoton a hannuna, fim ɗin kuma a cikinta yake, ta yaya fim zai ɗauki kyamarar da yake ciki? Ta ce wannan ni zan gaya mata. Kun ji fa. Ni aka hana aiki kwana uku, ni aka mayar maƙaryaci, kuma ni ake jira in yi bayani. Ustaz Bashir yana gefe kansa a ƙasa, kunya ta hana shi ko kallona.

Muna fita na ja hannunsa na ce sai mun je ya gani da idonsa. Rana tsaka muka isa. Na bi gefen dajin sau uku, sama da ƙasa, babu hanya. Ruwa ne shimfiɗe tun daga bakin tudu, bagaruwa tsaye a ciki har wuya. Muka sami wani masunci yana gyaran raga a jirginsa, na kwatanta masa filin da kututturen da tsohon. Ya ce tun da kogi ya cika babu mai shiga nan sai da jirgi, shi kuma kullum yana wurin, bai ga tsoho ba. Sai ya ƙara dubana ya ce amma ni ya gane ni, ai ni ne mutumin da ya yi ta yi wa ihu kwanakin baya ina kutsawa cikin ruwa da kaya a jikina, ban ko juyo ba, har ya ɗauka taɓaɓɓe ne. Ustaz ya saki hannuna a hankali. Muka hau mota muka koma Umbadda.

Na shiga gida na zauna na kwashe labarin duka na gaya wa matata, ina jira ta ce sharri aka yi mini. Ta ajiye tiren da ke hannunta ta zauna.

"Baban yara, ai kwana ukun nan a jiƙe kake shigowa, har ƙirji, da laka da warin kogi. Na tambaye ka ranar farko, ka dube ni ka ce ƙasa a bushe take. Ni na wanke kayan, je ka duba takalmanka a bayan ɗaki, har yau ba su bushe ba."

Na je na duba. Suna nan, laka ta cika su. Ni kuwa wallahi, Allah shi ne shaidata, ban tuna ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa ni ba, kuma ban iya iyo ba, ko a lokacin ko yanzu.

Gasar wani ya ci da hoton balbela a kan saniya. Ustaz Bashir mun ci gaba da gaisawa, amma bai ƙara sa sunana a komai ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na nuna wa malaman addini biyu hoton, ɗaya ya ce in yi sadaka, ɗaya ya ce in ƙona, na yi duka biyun. Wane ne tsohon, me ya so da ni, don me ya bar ni na fito, ban sani ba, kuma na gaji da mutanen da ke cewa rana ce ta buga ni.

Shawarata gare ku, masu yawo da kyamara ko waya a bakin kogi da cikin daji: in kowa ya tsaya a tudu, ku ma ku tsaya a tudu. In kuka ga hanya lafiyayya inda babu sawun kowa, ku tambayi mutanen wurin kafin ku sa ƙafa. In kuma wani da ba ku sani ba ya ce ku ɗauke shi tukuna, ku ba shi haƙuri, ku ce fim ya ƙare, ku juya da addu'a a bakinku.