Albashina na Farko a Gwangwanin Baba

A gidanmu, albashin farko ba na mai shi ba ne. Cikakke ake kawo wa uba, ya sa albarka, ya raba wa dangi ko da na goro ne. Haka ƙanen Baba ya yi da ya samu aiki a Funtuwa, haka kuma ake jira na yi da aka ɗauke ni koyarwa a Malumfashi.

Baba manomi ne a wani ƙauye kusa da Kafur, bai yi boko ba. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ranar da na kawo takardar ɗaukar aiki, ya kai wa wani maƙwabcinmu ya karanta masa, ya haddace adadin da ke ciki kamar karatun allo. Har a masallaci ya faɗa.

Da wata ya ƙare na je banki, abin da na tarar bai kai ba. Wata abokiyar aikina ta yi mini dariya, ta ce ai na takarda daban, na hannu daban. An cire haraji, an cire fansho, da na ƙungiya, da na asusun gina wani gida da ban taɓa ganin ko tubalinsa ba. Na kwashe abin da ya rage kaf na kai wa Baba, har kuɗin motar zuwa gida Inna ce ta ba ni tun tafiyata.

Baba ya ƙirga a kan buzunsa, ya sake ƙirgawa.

"Uwata, ina sauran?"

"Baba, gwamnati ta cire tun kafin ya zo hannuna."

"Ni ma ina fitar da zakka," in ji shi, "amma sai dawa ta zo gida na auna da hannuna. Wa ke ɗibar hatsi tun yana gona?"

Na ce wani ma ajiya ake yi mini saboda tsufa. Ya ce, "In kin taɓa, ki ce kin taɓa. Ba zan yi fushi ba."

Ni da zuciya kamar kuturu. Na ce tunda ɓarauniya aka ɗauke ni, shi ke nan. Na suri jakata na fita, ban tsaya jin albarkar ba.

Bayan kwana biyu na karɓo takardar albashi a ofis, wadda ta jera duk abin da aka cire. Da a ce na kai wa maƙwabcin nan ya karanta wa Baba, da magana ta mutu. Sai na ninke ta na cusa a jaka, wai ni sai ya yarda da bakina ba da takarda ba. Ina zuwa gida, ina durƙusawa ina gaishe shi, yana amsawa, amma ya koma ce mini Malama. Wannan ya fi duka ciwo, kuma duk da haka ban buɗe jakar ba.

Ana tsakiyar yankan dawa Baba ya kwanta ciwo, bayan kwana uku ya rasu. Ina aji aka zo aka faɗa mini.

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗaka, ta miƙo mini gwangwanin da yake ajiye takardun gona. Kuɗina ne a ciki, ɗaure da zare, ko ɗaya bai taɓa ba.

"Bai raba ba?"

"Cewa ya yi a ajiye. Ya ce Uwata ba ta ƙarya, yarinta ce, za ta kawo cikon. Ranar zai tara dangi ya sa miki albarka a gabansu."

Ashe a bayan idona bai daina kirana da sunan ba. Na ciro takardar daga jaka, duk ta yamutse, na miƙa wa Inna. Ta jujjuya ta, ita ma ba ta iya karatu ba, ta ce, "To yanzu wa za a kai wa?"