Ramuka Huɗu a Tsohuwar Masaƙa

Baba ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Bompai, kuma ban taɓa jin ya yabi ginin ba. Kullum ya dawo gida sai ya ce cikin ginin zafi kamar tanda, ƙarar injuna kuma ta kashe masa kunne ɗaya. Da aka rufe kamfanin, cewa ya yi shi kam ya huta.

Bara 'yata ta sauke Alƙur'ani, makarantarsu ta kama wurin walima. Sai da ɗan adaidaita ya sauke mu ni da Baba, na ga dogon bututun hayaƙin nan, sannan na gane inda muke: tsohuwar masaƙar su Baba ce. An yi fenti, an rataya fitilu, amma ginin shi ne.

Baba ya ƙi zama. Ya ja ni muka ratsa tsakanin kujeru har gindin wani ginshiƙi, kusa da masu raba shinkafa.

"Nan injina yake," in ji shi. "Kin ga ramukan nan huɗu a ƙasa? Na kusoshinsa ne."

Mai wurin, wani matashi, ya ji mu ya matso. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ashe a nan kuka yi aiki? Da na saya, niyyata in rushe in yi shaguna. Mai katafila ya wuni yana dukan bangon baya, ƙarshe ya ce motarsa za ta lalace bangon bai faɗi ba. Dole na haƙura. Yanzu kuma duk amaryar da ta zo sai ta yi hoto a gaban bututun."

Baba ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Bututun da matanmu suke tsine wa don yana ɓata musu shanya?"

Matashin ya ce da ma gobe zai sa a cike ramukan da siminti. Baba ya sa ƙafa ya shafa ɗaya.

"In ba wanda ke tuntuɓe da su, ka bar su."

Aka bar su. Ranar Asabar Baba ya koma da abokan aikinsa uku, dukkansu tsofaffi. Mai wurin ya sa aka dafa musu shayi, suka zauna har la'asar suna musu a kan inda kantin abinci yake a da.