Neman Tuje a Dajin Goronyo

Mun tashi daga Sakkwato da asuba, ana sallame salla, mu uku a mota: ni, da direba, da wani Bature likitan dabbobi wanda aikinsa ya ƙare, yana jiran ranar shiga jirgin ruwa ya koma ƙasarsu. Mutum ne mai son kallon tsuntsaye. Ba ya harbi, ba ya kamu, sai dai ya kafa madubin hangen nesa a ido ya yi shiru. Ya hau duwatsun Jos, ya kutsa kurmin kudu, ya ga tsuntsayen da ko suna ba mu ba su ba da Hausa. Ɗaya ya rage masa, wato tuje, babban tsuntsun nan mai yawo a ƙasa kamar ƙaramar jimina. An gaya masa ana samunsa a gabas bayan kaka. In bai gan shi a wannan fita ba, ba zai ƙara samun dama ba. Ni kuwa ina hutu daga karanta labarai a gidan rediyon Kaduna, sai ya roƙe ni in yi masa tafinta.

Hanyar Achida ta bushe, amma damina ta bar mata tabo. Hukumar En'e ta zuba marmara a wasu wurare ta manta da wasu. Jakai sun fi motoci iko a kanta, kowanne da mangalar dawa, kuma ba su san amfanin ƙaho ba. A Achida muka karya da koko da ƙosai. Na kwabo biyu ya ƙosar da ni, abin da ba ya faruwa a Kaduna. Likita ya fito da cokali mai yatsu ya soki ƙosai, mai tuya ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani.

Wurno tana bisa tudu, fadama na shimfiɗe a ƙarƙashinta. Ana yankan shinkafa, wasu sun fara gyaran fangalin albasa. A bakin tafki akwai dinya da zalɓe da kirinjijiya, da gauraki suna takawa kamar masu sarauta. Likita ya daɗe a tsaye bai motsa ba. Wani manomi ya ajiye lauje ya matso kusa da ni.

"Malam, mi yaɓ ɓace mai?"

Na ce babu abin da ya ɓace, tsuntsaye yake kallo.

"To, Allah shi ba shi lahiya," in ji shi, ya koma yankansa.

Da mun yi niyyar karkatawa Rabah, amma mutanen Wurno suka ce gonaki sun cinye dajin can, mu nufi Goronyo. Wannan hanya rairayi ce. Inda mota ta gaji, mu muka tura ta.

Da la'asar muka sauka a wani ƙauye gaba da Boyekai. Mai gari dattijo ne mai fara'a. Na yi masa bayani dalla-dalla: baƙon nan tuje yake son gani da idonsa, ba nama yake nema ba.

"Na jiya, ɗana," in ji mai gari. "Mutum shi taho tun daga Turai mu bar shi yawo cikin ƙaya? Gobe za shi ganin tuje."

Na ɗauki maganar a matsayin alherin baki irin na mai masauki. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, da hoce, wani gasasshen abinci na garin dawa wanda likita ya ce ya fi biskit ɗinsu.

Washegari aka nuna mana wani fili mai sabara a arewacin gari. Muka bar direba da mota, muka kwanta a gindin wata sabara. Da hantsi tuje ya fito. Dogo ne, bayansa ruwan ƙasa, wuyansa toka-toka, da ɗan tukku a ƙeya. Yana tafiya a hankali yana tsintar fara, kuma wajenmu ya dosa. Likita ya kafa masa madubi.

Can sai ga burtu, baƙin tsuntsun nan mai ƙaton baki, ya ɓullo daga gefe yana sunkuyawa yana ɗagowa. Likita ya raɗa mini cewa yau ya ci riba biyu. Na karɓi madubin na duba. Burtun yana da diddige. Maharbi ne. Maharban ƙasarmu sukan ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi rarrafe suna kwaikwayon kiwonsa, domin naman daji ba ya gudun burtu. A ƙarƙashin zanen na hangi baka, an riga an ɗana kibiya.

Na mayar wa likita madubin, na gaya masa. Tujen bai kai inda za a ga zanen gashinsa sosai ba. Likita ya sauke madubi, ya miƙe tsaye, ya kaɗa hularsa yana ihu. Tuje ya zura da gudu, ya buɗe fukafukai masu faɗin tabarma, ya tashi ya nufi gulbi.

Burtu ya miƙe ya cire kai. Dattijo ne, gwiwoyinsa duk ƙaya.

"Wa yat tada min tsuntsu? Tun da sassafe nike rarrafe!"

"Baba, yi haƙuri. Kallo kawai yake so."

"Ai kallon za shi yi! Mai gari yac ce in kai mai shi har gaban shi, shi juya shi, shi ƙirga gashin in shina so. Daga nan mi yag gani? Gindin shi?"

Na fassara, na rage kaɗan. Likita ya ce abin da ya gani ya ishe shi. Ya miƙa wa maharbin hannu, ya roƙe shi ya ƙyale tsuntsun.

"Yau dai ya sha," in ji maharbi. "Gobe kuna Sakkwato. Shi shina nan, ni ina nan, iyali na son miya."

Mai gari bai ji daɗi ba. A ganinsa baƙo ya nemi abu a garinsa ya koma hannu wofi. Sai da aka ɗaure zabi biyu aka sa mana a mota hankalinsa ya kwanta. Muka biyo ta Goronyo da Wurno, zabin suna kuka a bayanmu, muka shiga Sakkwato kafin magariba.

Abin da na koya a tafiyar nan ba na tsuntsu ba ne. Mai gari ya ji maganata sarai, ya kuma cika alkawari yadda ya san ana karrama baƙo. In mai masauki ya ce za ka sami abin da kake so, tambaye shi ta wace hanya. Likita ya ga tujensa da rai, ya tafi gida. Ko tujen ya kai ƙarshen mako, ban sani ba, ban kuma aika a tambayo ba.