Dattijon da Ya Riƙe Kujerar Na'ura

Ko zan manta komai na zamana a Doha, ba zan manta abin da ogan aikinmu ya yi ana dab da gasar kofin duniya ba.

Gadi muke yi a wata babbar kasuwar zamani a Al Aziziya. Tsarin ƙofa sananne ne: mata su lalube mata, maza su lalube maza. Ni da wata 'yar Jos, da muke ɗaki ɗaya tun zamanin korona, muna layin mata. Wata rana bayan la'asar ta zaunar da ni ta ce, "Yaya, mata-maza aka haife ni. Likitoci sun ce halittar namiji ce ta rinjaya, har an sa mini ranar tiyata a Indiya."

Ita kuwa ba wuƙar likita take tsoro ba. Kamfani ya hana hutu saboda gasa, kuma ko an ba ta, ina za ta tsaya in ta dawo? Layin mata ya haramta, na maza kuma babu gurbi. Ga uwa da ƙanne a gida, duk ita suke kallo.

Na ja ta wurin Oga. Dattijo ne Bazazzagi, limamin masaukin maza, murmushinsa sai ranar idi. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce, "'Yata, ke kika halicci kanki?" Ta ce a'a. Ya ce, "To share hawayenki. Gobe ki koma kan na'urar duba jakunkuna."

Sai daga baya na gane dabarar. Na'ura ba ruwanta da mace ko namiji, ido kawai take so. Amma kujera ce da kowa ke kwaɗayi, ana zaune cikin sanyi. Kai, tsegumi ya tashi, har da masu cewa Oga aure yake nema! Ya ji, amma ya tsaya a kanta har ta ƙware.

Sannan ya tafi da mu ofishin kamfani a Al Mirqab. Manaja ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, shi ke nan, a soke kwangilarta a kawo wata."

Oga ya ce, "Hutun jinya haƙƙinta ne, ba alfarma muka zo roƙo ba. In rashin mai zama ne damuwarka, ni zan zauna."

Aka ba ta hutun ta tafi Indiya, shi kuwa ya zauna. Duk tsawon gasar, in ya gama nasa aikin sai ya hau kujerar, ido jajur, ƙafa a kumbure. Na sha ganinsa yana dafe ƙugu, tausayi ya kama ni.

Bayan gasa mutuminmu ɗan Jos ya dawo daga tiyata cikin kakin maza, ya toge a bakin ƙofa ya kasa shiga, kowa ya zuba masa ido. Oga ya taso. Dattijon da bai taɓa ba mace hannu ba ya miƙa masa hannu a gaban kowa ya ce, "Malam, barka da dawowa. Yalla, maza zo ka karɓi kujerarka, bayana ya gaji." Ni dai kuka na fashe da shi, ban ji kunyar kowa ba.

Tun ranar na san haƙƙin ma'aikaci, komai kyansa a takarda, ba ya kare kowa sai an sami wanda ya yarda ya gaji dominsa.