Kujerar da Na Ce Ba Na So

Shekarun baya, lokacin da gwamnatin Ingila ta shiga tsuke bakin aljihu, ƙaramar hukumar da nake wa aikin injiniya a Manchester ta rage ma'aikata, abin ya haɗa da ni. Da ƙyar na samu wani aikin a Birmingham. Na bar maiɗakina da yara a can saboda makaranta, na kama ɗan ɗaki a unguwar Erdington. Ba kowane mako nake iya leƙa gida ba. Asabar takan zo ta wuce ban yi magana da kowa ba, in ban da injin biyan kuɗi na kanti, shi ma godiya kawai ya iya.

Bayan gidanmu akwai jerin gareji. A ɗaya daga ciki wani dattijo Bature yake wuni da wata tsohuwar mota koriya, ƙirar ƙasar, mai kujera biyu kacal da rufin tamfol. Gajeriya ce ƙwarai, in ka zauna ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Ni da na saba gaisuwa, kullum sai na ɗaga masa hannu, shi kuma ya gyaɗa kai. Mun daɗe a haka.

Wata Asabar ya kira ni. "Maƙwabci, ko za ka ara mini ƙafarka?"

Ashe iska yake son fitarwa daga birki, aikin da ba ya yiwuwa sai da mutum biyu: ɗaya ya zauna yana taka birki, ɗaya ya kwanta a ƙasa yana buɗe noti. Ya ce marigayiya matarsa ce take taka masa, tun da ta rasu motar ba ta fita ba. Na zauna, yana daga ƙasa yana cewa, "Taka! Riƙe! Saki!" Duk digirina, aikin da aka ba ni ke nan, kuma wallahi na ji daɗinsa.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Ya nuna mini kafireto biyu da yake daidaitawa da kunne, yana saurarar shaƙar kowanne ta ɗan tiyo. Ya ce a samartakarsa irin waɗannan motoci jirgi-jirgi ake lodawa zuwa Amurka, rabin mazan layinsu a masana'antar mota suke, yanzu duk an rufe. Ina ce masa Baba, ya ce sunan ya yi masa.

Da bazara ta shigo motar ta tashi. A ranar ya gaya mini idonsa ya fara rauni, likita ya ce tuƙi ya kusa ƙare masa, har ya samu mai sayen motar. Tafiya ɗaya ta rage masa da ita. Yana goge hannu da tsumma, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ina tunanin Manchester ranar Asabar. In kana so sai in kai ka wajen yaranka."

Zuciyata ta yi fari tas. Amma bakina na Bahaushe ya riga ni. "Haba Baba, kada ka wahalar da kanka, akwai jirgin ƙasa."

Ku kun san tsarin. A gida sai ka ƙi, a sake yi maka tayi, ka sake nuna kunya, a rantse maka, sannan ka karɓa da mutuncinka. Na tsaya ina jiran zagaye na biyu.

Ya ce, "To, ba komai." Ya rufe murfin inji.

Duk makon ina cewa zai sake tayar da maganar. Shiru. Ni kuma nauyi ya hana ni in je in ce, Baba, wasa nake. Ranar Asabar da safe ina tsaye a taga na ga ya fito, ya sauke rufin, ya sa hularsa, ya tafi shi kaɗai. Ban je Manchester ba ranar, ban je ko'ina ba.

Ba a jima ba aka zo aka ɗauki motar, 'yarsa kuma ta zo ta kwashe shi zuwa garinsu. Ina taya ta loda kaya ta ce mini, "Kai ne maƙwabcin? Ka san har unguwar Small Heath ya hau bas ya sayo naman halal saboda tafiyar nan, tun kafin ya tambaye ka? Ya ce ba ya son ya takura maka, shi ya sa bai sake magana ba."

Na ci gaba da ɗaukar kwali.

Tuni na koma cikin iyalina, alhamdulillahi, amma har yau abin yana yi mini ciwo. Kawaicinmu abu ne mai kyau a inda aka san shi. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, mutumin da ya daɗe shi kaɗai ba ya da tayi uku a bakinsa. Guda ɗayan nan ma sai da ya yi ta tattara ƙarfin hali kafin ya furta, ni kuma na mayar masa da shi.