Zoben da Bai Shiga Kwano Ba

A ƙofar ɗakin gwajinmu akwai wani tsohon kwanon miya. Duk mai shiga sai ya cire agogo da zobe ya jefa ciki, domin hasken lezar da muke aiki da shi ido ba ya ganinsa, kuma in ya daki ƙarfe mai sheƙi, inda ya ga dama yake nufa. Lyle Hovland ne ya ajiye kwanon, shi ne kuma sarkin mita a kansa.

"Kai ango, cire abin nan," ya ce da ni ranar da na fara aiki. "Amarya ba za ta gudu kafin a tashi ba."

Lyle ɗan manoma ne daga arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Idonsa na hagu tun yarinta hazo-hazo yake gani, da na daman kaɗai ya ci abinci. Aikinsa jera madubai har haske ya tsuke ya riƙe ƙwayar jini mai rai. Riƙewa kam mun iya. Shi burinsa ya juya ta sannu a hankali, a ga ɗaya gefenta, ba tare da zafin hasken ya kashe ta ba. A kan wannan ya yi furfura.

Sai matarsa Nadine ta rasu. Da ya dawo aiki, ya wuce kwanon ko kallonsa bai yi ba.

"Lyle, zobe," na ce.

"Ita ta sa min, yaro. In ta zo ta cire."

Wata safiya ƙwayar ta fara juyawa a allo, sai ta karkace. Lyle ya ɗaga tabaran kariya zuwa goshi don ya ga ɗigon hasken a katin gwajin da ke bayyana shi, halin tsofaffin hannu, ya miƙa hannu zai gyara madubi. Hasken ya daki zoben. Ko zafi bai ji ba. Likita ya ce tsakiyar idon daman ta ƙone, babu magani.

Bara muka juya ƙwayar, da madubansa, yadda ya jera su. Na kai masa bidiyon har gida, raina a jagule. Ya karkata kai yana leƙe ta gefen ido.

"Tana juyawa?"

"Tana juyawa, Lyle."

"To madalla." Ya murza zoben a yatsansa, ya juya wajen hoton Nadine a bango. "Ƙwayar ba ta dame ni ba. Ita ce, duk sanda na dube ta, baƙin rami nake gani a inda fuskarta take."