Sandar Baba Tanko tana nan a motata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaban mai shayi da safen nan, ban ma kai kofi baki ba, Ayuba ya kira ni ya ce yayansa ya cika da asuba.

Baba Tanko Mai Walda ya rasu.

Na ajiye shayin na tashi. Ina jin yana can har yanzu, ƙudaje sun gaje shi.

Ga wanda bai san shi ba cikin masu bi na a nan: shi ne dattijon nan mai gareji a cikin Zango, nan Kwatano. In motarka mai turbo ce kana son a canja mata kolekta, wato bututan da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji su kai wa turbo, wurinsa ake kai ka. Ni dillalin mota ne a fakin Seme, wato kasuwar motoci, bakina ne jarina. Shi kuwa hannunsa ne jarinsa. Bakin nasa ko kyauta aka ba ka ba za ka karɓa ba, don ba ya da sukari.

Tun ɗazu nake ganin ta'aziyya tana ta zuba. Mutumin kirki ne, gwani ne, an yi rashi. Na gani, na karanta. Wasu cikin masu rubutawar su ne dai suka sa masa suna Mai Ƙona Mota bara, suka kwashe motocinsu daga ƙofarsa kamar an ce annoba ta sauka.

To ku gyara zama. Akwai maganar da ya hana ni yi yana raye, kuma yau takunkumin ya kwance.

Kolektan da mota ke zuwa da shi daga kamfani baƙin ƙarfe ne mai kauri, ba kyan gani, amma yana ɗaukar kaya. Wanda samarinmu ke yin oda daga waje na inos ne, wato farin ƙarfen nan mara tsatsa, siriri, yana ƙyalli. Baba Tanko kan juya shi a hannu ya ce, "Kwanon jeren amarya ke nan. Kai kuma girki za ka yi da shi."

Don turbo nauyi gare shi, kuma a jikin waɗannan siraran bututan yake rataye. Su yi zafi har su yi ja, ka faɗa rami, ka kutsa cikin ruwan da ke kwanciya a titunanmu da damina, ga iskar teku mai gishiri tana lasar ƙarfe dare da rana. Ina abin zai kai?

Shi ya sa duk kolektan da ya ɗaura sai ya yi masa abin da yake kira sanda. Wani guntun ƙarfe ne yake yankawa ya tokare turbo da jikin inji, nauyin ya sauka a kansa. Mummuna ne, wannan ban musa ba. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ka taɓa ganin tsoho da kaya a ka yana tafiya ba sanda?"

Kuma ba ya sallamar ka ranar. Zai ce ka je ka yi yawonka, ƙarfen ya yi zafi ya huce, ya sake yi, sannan ka dawo a ƙara ɗaure notina. Ran da ka dawo ɗin ma ba zai taɓa ba sai inji ya yi sanyi. Ya zaunar da kai kan benci, ya aika a kawo maka kunu, ya ɓantaro maka goro, ya zage ka a kan yadda kake tuƙi. Ko kai wane ne. Na ga Alhaji mai babbar riga ya yi zaman bencin nan yana fifita da hula.

Ni ma na sha kunun. Na sha zagin fiye da kunun.

Bara na sayar wa wani matashi mota mai turbo, ɗan babban gida ne a unguwar nan. Ya yi odar kolektansa mai ƙyalli, ni na kai shi wurin Baba. Aka ɗaura, aka yi masa sanda. Yana leƙawa ya yamutsa fuska.

"Baba, wannan ƙarfen ai ya ɓata min hoto."

"To ka ɗauki hoton ta ɗaya gefen."

Aka ce ya dawo a ɗaure noti. Bai dawo ba.

Bayan wani lokaci ya biyo ta fakinmu, ya ɗaga bonet da hannunsa don in ga kyau. Babu sanda. Ya ce wani gareji ya kai can wajen Vêdoko aka yanke masa ita. Na ce masa, "Ɗan Alhaji, koma wurin tsohon nan tun kafin abin ya yi magana." Ya yi dariya ya ce, "Dillali, kai sayarwa ka iya, bar mana tuƙi."

Abin kuwa ya yi magana. Kolekta ya tsage ta wajen wuyan turbo, wutar hayaƙi ta samu tiyon mai, motar ta kama a hanyar Seme da rana tsaka. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Amma da ya koma gida aka tambaye shi, sai ya ce aikin mai walda ne.

Kafin la'asar Zango ta ɗauka. Kun san mu. Labari a wurinmu ya fi zem, wato ɗan acaɓa, gudu.

Na je gareji ina huci. Na ce, "Baba, da idona na gani, da kunnena na ji. Bari in buɗe bakin nan, dama don irin wannan ranar Allah Ya ba ni shi."

Bai ko ɗago daga abin da yake gogawa ba. Ya ce, "Mai Baki, rufe shi. Lokacin da na sauko daga Gaya ko tabarma ba ni da ita, a zauren uban yaron nan na kwana har na samu ɗaki. Yanzu ya tsufa, ga hawan jini. Ba ta wajena zai ji ɗansa ya yi masa ƙarya ba."

Na ce, "To sunanka fa?"

Ya ce, "Sunana ba inos ba ne. In na mutu ka yi ta surutunka, lokacin ba na jin ka."

Ban yarda da shi ba ranar, yau ma ban yarda ba. Na dai bi umarni, don ya girme ni kuma hakkinsa ne. Ina kallo garejin da ake layi ya koma sai gyaran salansar babur da waldar ƙofar shago. Bai taɓa kai kuka wurin kowa ba. Da Sallah ma ya je ya gaida dattijon kamar yadda ya saba.

Ganinmu na ƙarshe Juma'ar da ta wuce ne. Na kai masa tawa motar, wadda ya ɗaura wa kolekta tun kafin in yi furfurar gemu. Ya rame sosai. Ya zaunar da ni har inji ya huce, ya ɗauki sifana ya gwada ja, hannun ya ƙi. Sai ya miƙa wa Ayuba, ya ɗora tafinsa a bayan hannun ƙanen nasa, yana jin yadda notin ke shiga. Can ya ce, "Ya isa." A daidai lokacin Ayuba ya riga ya tsaya.

Da zan tafi ya jawo ni gefe. Ya ce, "Hannunsa ya fi nawa yanzu. Kada ka gaya masa, kansa zai kumbura."

Ayuba, ka yi haƙuri, wannan ma na faɗa.

Dalilin duk surutun nan ke nan. Baba ya tafi, sunan da kuka liƙa masa ba zai bi shi kabari ba. A ƙofar gareji zai zauna. Ayuba magidanci ne da nasa iyalin, yau kuma ga na yayansa sun ƙaru a kansa, dukansu daga ƙofar nan za su ci. Ba zan zura ido ƙarya ta ci tuwon marayu ba.

Kai kuma Ɗan Alhaji, ka san kanka. Ban kama sunanka ba. In Zango ta gane, wannan tsakaninka da Zango ne. Shawarata ta dillali, kuma yau ba la'ada: je ka gaya wa tsohonka da bakinka, a hankali, kafin wani ya kai masa da gishiri. Mutumin da ya rufa maka asiri za a kai shi bayan azahar. Akwai wuri a sahu.

Daga maƙabarta zan ajiye motata a ƙofar garejin, bonet a buɗe, har a share makoki. Duk mai shakka ya zo ya leƙa. Ta sha ramin Kwatano, ta sha ruwa, ta sha gishiri, ta sha tuƙina wanda ya fi su duka muni. Ku nemo tsaga ko ta kai silin gashi. Sandar tana nan, mummuna kamar ran da ya yi ta.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko, Ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya rufa asirin wani, Allah Ka rufa nasa ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ka sanyaya makwancinsa, Ka zama gatan abin da ya bari, Ka sa albarka a hannun Ayuba.

Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, don Allah. Wanda kuma ya taɓa kiran sa da wancan sunan, ya yi tasa addu'ar, sannan ya kawo motarsa. Bencin yana nan.